Siffar Fiffike da Tafiyar Iska: Darasi Daga Tsuntsayen Kankiya da Kusada

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Kankiya ko Kusada a ƙarshen bazara, ya kuma fita bayan gari da sassafe, zai iya lura da wani abu wanda mutane ke gani kullum ba su tanka ba. Tun gari bai gama wayewa ba kurciya da tantabara da hankaka sun kama harkokinsu, tsattsewa kuma tana ta kai da kawowa bisa rufin gidaje. Amma ba a hangen shirwa ko shamuwa can ƙololuwar sama suna jewa sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi. A wannan lokaci ne za su buɗe fukafukai su yi ta zagaye suna hawa, ba tare da sun kaɗa su ba sai jefi-jefi. Zabuwa kuwa, in aka rutsa da ita a gona, sai ta fara da gudu, in ta ga ba sarki sai Allah ta tashi fir da ƙara mai yawa, kafin a jima ta sake dira.

Iskar da waɗannan tsuntsaye suke tashi cikinta ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne siffar fiffike. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda siffar fiffike take sarrafa iskar da ke bi ta kansa da ta ƙarƙashinsa, da yadda wannan sarrafawa take haifar da ƙarfin da ke ɗaga tsuntsu ko jirgin sama. Za a yi bayanin da misalan da ke gaban idon mutumin Kankiya da Kusada, domin a nuna cewa harshen Hausa yana da kalmomin da za su ɗauki wannan ilmi, kuma domin a gyara wani bayani na kuskure da ya daɗe yana yawo a littattafan makaranta.

Iska Abu Ce Mai Nauyi

Matakin farko na fahimtar fiffike shi ne a yarda cewa iska jiki gare ta, ko da yake ido ba ya ganinta. Bahaushe ya san da haka tun da daɗewa, shi ya sa ya ce iska na wahalar da mai kayan kara. Abin da ba shi da jiki ba zai ture mutum da kayansa ba. Masana sun auna sun tarar cewa iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita 1, da faɗin mita 1, da zurfin mita 1, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. Ke nan iskar da ke cikin ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a bisa, ta kai kimanin nauyin buhun siminti guda.

Bayan nauyi kuma akwai matsi. Iskar da ke bisa kan mutum tana da zurfin kilomitoci masu yawa, duk kuwa nauyinta yana danne da abin da ke ƙasa. A kan kowane fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, wannan danniya ta kusa tan 10. Dalilin da ya sa ba a jin ta shi ne tana matsowa daga kowane ɓangare daidai wa daida, ta sama da ta ƙasa da ta gefe, har da cikin jikin mutum. To, a nan asirin fiffike yake. In aka sami dabarar da za ta rage matsin da ke bisa abu ko da kaɗan ne, alhali na ƙarƙashinsa yana nan yadda yake ko ya ɗan ƙaru, sai abin ya sami ƙarfin da ke tura shi sama. Bambancin kashi 1 cikin 100 kawai zai ɗaga kimanin kilo 100 a kan kowace murabba'in mita. Ungulu, wadda nauyinta bai wuce kimanin kilo 2 ba, ba ta bukatar bambancin da ya kai ko kashi 1 cikin 1,000. Babban jirgin da ke kwasar alhazai ma, bambancin da yake bukata bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Yadda Fiffike Yake Ɗaga Nauyi

In aka yanka fiffike a tsakiya aka dubi yankan ta gefe, za a ga yana da sassa huɗu. Akwai goshi, watau bakin gaba wanda ke fara tarbar iska, shi kuwa mai kauri ne, a dunƙule. Akwai doro, watau bayan fiffike wanda ya yi tozo. Akwai ciki, wanda ke kallon ƙasa, a shimfiɗe ko da ɗan rami. Sa'an nan akwai bakin baya, wanda ya sirance kamar kaifin wuƙa.

Idan fiffike ya kutsa cikin iska, goshi yana raba ta biyu. Wadda ta bi ta ciki tana cin karo da fiffiken da ya ɗan karkata, sai a tura ta ƙasa. Wannan kowa ya san shi, don kuwa duk yaron da ya taɓa miƙa tafin hannu ta tagar mota a kan hanyar Kankiya zuwa Katsina ya ji yadda hannun yake neman tashi da zarar ya ɗaga yatsu kaɗan. Amma aikin da ya fi yawa a bisa doro ake yinsa. Iska tana da halin manne wa jikin abu mai lanƙwasa ta bi shi yadda ya lanƙwashe. Mai son ya ga kwatankwacin wannan hali sai ya tsiyayo ruwa daga buta, ya kusanto da bayan cokali har ya taɓa ruwan. Zai ga ruwan ya bar hanyarsa ya bi bayan cokalin, cokalin kuma ya ji ana jawo shi cikin ruwan. Haka iska take bin doron fiffike, ta hau tozo, ta gangara, ta bar bakin baya tana fuskantar ƙasa.

Ke nan fiffike yana karɓar iskar da ta zo a miƙe, ya sallame ta ta nufi ƙasa. Tun a shekarar 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai da wanda ya yi amfani da shi, amma ta fuskar da ta saɓa. Fiffike ya tura iska ƙasa, iska ta tura fiffike sama. Wannan shi ne ƙarfin ɗagawa.

Ana iya kallon al'amarin ta fuskar matsi. Iska ba ta lanƙwasa hanyarta haka kawai, sai in matsin da ke wajen lanƙwasar ya fi na cikinta. Saboda haka a jikin doro, inda iska ke shan kwana, matsi ya ragu. Iskar da ta fito daga wuri mai matsi sosai ta shiga wuri mai ƙarancin matsi kuwa dole ta ƙara gudu. Wannan dangantaka tsakanin gudu da matsi ita ce Daniel Bernoulli, mutumin ƙasar Suwizalan, ya rubuta a shekarar 1738. Bayanin Newton da na Bernoulli ba kishiyoyin juna ba ne. Abu ɗaya suke faɗi, ɗaya ya dubi inda iska ta nufa, ɗaya ya dubi yadda take matsa jikin fiffike.

Kuskuren da ya kamata a gyara shi ne wannan. Littattafai da dama suna cewa wai iskar da ta bi doro tana ƙara gudu ne domin hanyarta ta fi tsawo, kuma wajibi ne ta riski 'yar'uwarta da ta bi ciki su haɗu a bakin baya a lokaci ɗaya. Babu wata doka da ta wajabta wannan haɗuwa. Da aka saka hayaƙi cikin iska aka ɗauki hotonta tana wuce fiffike, sai aka ga ta bisa tana riga ta ƙasa isa da rata mai yawa, ba sa sake haɗuwa. Da bayanin nan gaskiya ne, da jemage bai tashi ba, tun da fiffikensa fata ce siririya wadda tsawon bayanta da na cikinta ɗaya ne. Da kuma ba a ga jiragen wasa suna tafiya a rigingine ba. Wanda ya ba ɗalibi wannan bayani ya yi masa ungulu da kan zabo, ko da bai yi nufi ba.

Abubuwa Huɗu da Ke Sauya Tafiyar Iska

Na farko shi ne tozon doro. Gwargwadon yadda fiffike ya lanƙwashe, gwargwadon yadda zai juya iska ƙasa, gwargwadon kuma ɗagawar da zai samu ko da tafiya a hankali ake yi. Amma kowace riba da kuɗinta. Fiffike mai tozo sosai yana gamuwa da turjiya mai yawa, watau ƙarfin iska mai jan abu baya, idan aka zo gudu. Shi ya sa tsuntsaye masu tafiya sannu suke da fiffike mai rami sosai, masu gudu kuma nasu ya kusa zama a shimfiɗe.

Na biyu shi ne karkata, watau yadda goshin fiffike ya ɗaga bisa hanyar da iska ke zuwa. Matar da ke shiƙar gero ta san wannan a aikace: in ta riƙe faifai a kwance iska ta wuce shi salin-alin, in ta ɗan ɗaga bakinsa sai ta ji iska tana neman ƙwace shi. Ƙara karkata yana ƙara ɗagawa, amma da iyaka. A yawancin fukafukan jirage, in karkatar ta wuce kimanin digiri 15, iska ba ta iya ci gaba da manne wa doro. Dalili shi ne akwai wata siririyar fatar iska da ke gogar jikin fiffike, wadda gogayya ta rage mata gudu. Wani masani Bajamushe, Ludwig Prandtl, shi ya bayyana ta a shekarar 1904. Idan gangaren doro ya yi tsanani, wannan fata ta gaji, ta tsaya, ta ɓalle daga jikin fiffike, sai bayan ya cika da iska mai hargitsi. Nan take ɗagawa ta faɗi, turjiya ta hau. Wannan suɓucewar iska tana cikin manyan abubuwan da ake horar da matuƙin jirgi ya gane alamunsu kafin su auku.

Na uku shi ne girman fiffike in an gwada shi da nauyin da yake ɗauke da shi, tare da gudun tafiya. Ɗagawa tana ƙaruwa da faɗin fiffike, amma ta fi ƙaruwa da gudu: in gudu ya ninka biyu, ɗagawa ta ninka huɗu. Saboda haka mai babban fiffike da jiki marar nauyi yana iya tafiya a hankali bai faɗo ba, mai ƙaramin fiffike da jiki mai nauyi kuwa ba shi da zaɓi sai gudu. Kaurin iska ma yana da tasiri. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakwarkwacewa, don haka jirgin da zai tashi daga Katsina ko Kano da tsakar rana a watan Afrilu yana bukatar gudu mai tsawo a ƙasa fiye da wanda zai tashi da asuba a cikin hunturu.

Na huɗu shi ne tsawo da siffar tsini. Tun da matsi ya fi yawa a ciki, ya ragu a doro, iskar ciki tana neman hanyar zagayawa ta koma bisa. Ba ta samun wannan hanya sai a tsinin fiffike, inda ya ƙare. A nan take murɗawa ta hau, ta bar wata 'yar guguwa a kwance tana bin bayan kowane tsini. Ƙarfin da aka kashe wajen murɗa wannan guguwa asara ce. Fiffike dogo siriri yana rage asarar, domin yana taɓa iska mai yawa ya tura ta ƙasa a hankali, alhali gajere yana taɓa kaɗan ne, sai ya tura ta da ƙarfi. Misalinsu kamar mutum biyu ne da za su kwashe rairayi, ɗaya da babban kwando yana tafiya a natse, ɗaya da ƙaramin ƙoƙo yana ta sheƙa gudu.

Kowane Tsuntsu da Fiffiken Sana'arsa

Da waɗannan abubuwa huɗu ana iya komawa bayan garin Kankiya a sake duban tsuntsayen da aka fara da su.

Zabuwa da fakara da kaza a ƙasa suke kiwo, tsakanin ciyawa da karan dawa. Abin da suke bukata shi ne su tsere wa muzuru ko kare cikin ƙiftawar ido. Fiffikensu gajere ne, mai faɗi, mai rami sosai, tsininsa a zagaye. Irin wannan yana ba da ɗagawa mai yawa nan take, yana kuma shiga tsakanin itatuwa ba ya sarƙewa, amma asararsa a tsini babba ce, tafiya da shi tana cin ƙarfi. Naman ƙirjin kaza fari ne domin tsokar ta ɗan gajeren aiki ce mai tsanani, tana saurin gajiya. Na tantabara kuwa ja ne, mai jini, domin tsokarta ta doguwar tafiya ce. Mahauci da mai tuyar kaji sun san bambancin naman ko da ba su danganta shi da tashi ba.

Tsattsewa ita ce kishiyar zabuwa. Abincinta ƙwari ne da ke cikin iska, don haka a sama take wuni. Fiffikenta dogo ne siriri, mai tsini, ya lanƙwashe baya kamar lauje. Asararsa kaɗan ce, turjiyarsa kaɗan. A shekarar 2016 masu bincike na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin suka ba da labarin cewa wani jinsin tsattsewa da ke ƙaura tsakanin Turai da Afirka yana iya yin wata 10 a sama, wasu daga cikinsu ba su sauka ko sau ɗaya ba. Amma irin wannan jinsi in ya faɗo ƙasa fili da ƙyar yake tashi, saboda ƙafafunsa gajeru ne, fiffikensa kuma ba na tashi daga tsaye ba ne.

Shaho yana sauya siffar fiffikensa gwargwadon bukata. In yana neman abin kamawa sai ya buɗe shi sarai. In ya hango ɗan tsako ko kurciya sai ya naɗe shi ya rage faɗinsa, turjiya ta ragu, ya sulalo kamar kibiya. Akwai jinsin shahon da aka auna gudun saukowarsa ya haura kilomita 300 a awa. Daf da ƙasa kuma sai ya sake buɗewa ya ƙara karkata, ya suri abinsa ya yi sama.

Mujiya da dare take farauta, kunne ne jagoranta, ɓera kuma yana da kunne. Goshin fiffikenta yana da ƙananan haƙora kamar na matsefi, bakin baya kuma yana da geza mai laushi. Waɗannan suna farfasa hargitsin iska su mai da shi ƙanana, sai ƙara ta ragu. Shi ya sa mujiya ke wuce mutum da dare bai ji motsinta ba, abin da ya ƙara mata baƙin jini a wurin jama'a.

Saura masu jewa, watau ungulu da shirwa da shamuwa. Idan rana ta gasa ƙasa, musamman fako da duwatsu da gonakin da aka share ana jiran ruwa, iskar da ke kansu tana ɗaukar zafi ta yi sama a dunƙule kamar ginshiƙi. Guguwar da ake gani tana kwasar ƙura da ganye a bazara ƙanwar wannan ginshiƙi ce da ido ke iya gani. Tsuntsu mai jewa yana shiga cikinsa ya buɗe fiffike. A gaskiya sulalowa ƙasa yake yi a hankali cikin iskar, amma da yake iskar tana hawa da saurin da ya fi na sulalowarsa, sai ya yi ta ɗaukaka. Dole ya yi zagaye don kada ya fita daga ginshiƙin, kuma dole zagayen ya zama matsattse. Wannan yana bukatar tafiya a hankali, tafiya a hankali kuma tana bukatar fiffike mai faɗi. Amma fiffike mai faɗi yana da asara a tsini. Maganin da Allah ya hore musu shi ne gashin tsini ya rarrabu kamar yatsun hannu, kowane gashi ya zama ɗan ƙaramin fiffike siriri, guguwar tsini ta rabu gida-gida ƙarfinta ya ragu. Da wannan dabara shamuwa ke zuwa ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa bisa itatuwan cikin gari, ta koma kudancin Afirka da gabashinta bayan ruwa ya ɗauke, tana hawa ginshiƙi ɗaya ta sulala zuwa na gaba. A watan Nuwamba na shekarar 1973 wani jirgin sama ya yi karo da wata babbar ungulun daji a sararin Abijan, a tsayin da ya kai kimanin mita 11,300.

Wajen sauka kuwa duk tsuntsaye dabararsu kusan ɗaya ce. A dubi tantabara za ta sauka bisa katanga: ta ɗaga ƙirji, ta baza wutsiya, ta ƙara karkatar fiffike har kusa da inda iska za ta suɓuce. A daidai nan wasu 'yan gasu uku ko huɗu da ke goshin fiffike, a mazaunin babban yatsa, suke ɗagawa, su taimaki iska ta ci gaba da bin doro. Ta haka take rage gudu ba ta faɗo ba.

Daga Tsuntsu Zuwa Jirgi

Ɗan Adam ya daɗe yana kwaikwayon tsuntsu. An ruwaito cewa Abbas bin Firnas, masanin birnin Ƙurɗuba a Andalus a ƙarni na 9, ya yi wa kansa fukafukai ya sulala wata tazara, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka, aka kuma danganta haka da rashin wutsiya. A shekarar 1799 George Cayley na Ingila ya raba aikin gida biyu, fiffike ya tsaya cik ya yi ɗagawa, wani abu dabam ya yi turawa gaba. Otto Lilienthal na Jamus ya yi shekaru yana nazarin wata babbar shamuwa fara ta ƙasarsu, ya fitar da littafi a kan tashin tsuntsaye a shekarar 1889, ya nuna da awo cewa fiffike mai tozo ya fi shimfiɗaɗɗe ɗagawa. Ya rasu a shekarar 1896 bayan da abin sulalawarsa ya faɗo da shi. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, sun lura da yadda ungulayen ƙasarsu ke murɗa tsinin fiffike in za su daidaita kansu. A shekarar 1901 suka ƙera akwatin hura iska suka gwada siffofin fiffike kimanin 200, sa'an nan ran 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya tashi na daƙiƙa 12, ya ci tazarar kimanin mita 37.

Shekara 22 bayan haka, ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage 3 na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Kowannensu fukafukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, domin a wancan zamani gudu kaɗan ne, sai a nemi ɗagawa ta wajen yawan faɗi. A shekarar 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, inda ake karantar da wannan ilmi. Maniyyacin da ya fito daga Kusada ko Kankiya ya hau jirgi a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, in ya dace da kujerar taga, zai ga dabarun tsuntsaye da idonsa. Wajen tashi da sauka bakin bayan fiffike yana zarowa ya lanƙwasa ƙasa don a ƙara faɗi da tozo. Goshi yana zamowa gaba ya bar 'yar kafa, aikin babban yatsan tantabara ke nan. A jirage da yawa kuma tsinin ya tanƙwashe sama don a rage guguwar tsini, dabarar da Richard Whitcomb na Amurka ya inganta a shekarun 1970.

Ba a sama kaɗai fiffike yake aiki ba. A Lambar Rimi, a kan hanyar da ta tashi daga Kankiya ta bi ta Charanci zuwa Katsina, an kafa injuna 37 na samar da lantarki daga iska, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10. Kowane reshe na farfelarsu fiffike ne dogo siriri irin na tsattsewa, mai goshi da doro da bakin baya, sai dai ɗagawar da yake samu juya shi take yi. Fankar ɗaki ma haka take, an dai juya aikin ne, lantarki ke juya fiffike, fiffike ya tura iska ƙasa.

Akwai kuma fiffiken da ba a yi niyyar ƙerawa ba, shi ne rufin kwano. A farkon damina, idan hadari ya taso da iska mai ƙarfi, tana hawa rufi ta sha kwana a bisa tozonsa, matsi ya ragu a sama. In kuma ƙofa ko taga tana buɗe ta fuskar da iskar ke zuwa, matsin cikin ɗaki ya ƙaru. An sami sharuɗɗan ɗagawa ke nan cif. Bambancin kashi 1 cikin 100 a kan rufi mai murabba'in mita 40 ya kai tan 4, ƙusoshi kaɗan ba za su riƙe shi ba. Rufin da gangarensa kaɗan ne, mai dogon baki da ya zarce bango, ya fi saurin yayewa, mai gangare ta fuska huɗu kuwa ya fi juriya. Magini da kafinta da suka san haka za su fi ƙarfafa ɗauri a kusurwoyi da bakin rufi, inda tsotson iska ya fi tsanani.

Kammalawa

An ga cewa fiffike yana ɗaga nauyi ne ta hanyar juya iska ƙasa, kuma tozo da karkata da faɗi da tsini su ke ƙayyade yawan ɗagawar da abin da za a biya a kanta. Babu siffar da ta fi kowace kyau. Ta zabuwa ta dace da tsere, ta tsattsewa da wuni a sama, ta shamuwa da doguwar ƙaura ba wahala. Hausa kuma ta riga ta bambanta waɗannan hanyoyi da kalmomi: tashi dabam, shawagi dabam, jewa dabam, sura dabam. Aikin da ke gaban ɗaliban harshe shi ne su tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin mafarauta da manoma da masu kiwon tantabara, su daidaita ma'anarsu, kafin a ruga aron kalmomin waje.

Wannan aiki kuwa na gaggawa ne. Karin magana ya ce ungulu ba ta jewar banza, amma yaro ba zai gane jewa ba in bai taɓa ganin mai yin ta ba. Dattawa suna tuna lokacin da ba a rasa ungulaye a mahauta da bayan kasuwa a kusan kowane gari na ƙasar Katsina. Yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai a Arewacin Nijeriya, saboda guba da farautarsu don sayar wa masu haɗa magunguna, har a shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da kare halittu ta sa ungulun gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. In ta ƙare, gari ya yi rashin mai kwashe masa mushe, masu koyon ilmin iska kuma sun yi rashin malamar da ke ba da darasinta kyauta bisa kan kowa, daga hantsi har la'asar.